Gurbinka na Gindin Baure

Sabon Gari, Wudil
Ƙarshen bazara

Zuwa ga aminina Garba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba inda za ta. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka tunda ni ne ɗan boko, balle yanzu da ƙasa ta rufe ka. Amma akwai magana a bakina, kuma duk faɗin Wudil ban ga wanda zan zauna in gaya wa ba in ba kai ba. Sai ka yi haƙuri ka saurara, kamar yadda ka saba.

Bari in fara da abin da ka riga ka sani, don kada a ce na manta ko ni wane ne. Ni ne na bar makarantar Midil ban gama ba, shekarar da mahaifina ya rasu, na dawo garin nan da akwatin ƙarfe da 'yan riguna. Ba wanda ya kama hannuna. Na yi dako a kasuwar Juma'a har wuyana ya yi kanta. Na tsuguna kusa da mai gyaran keke ina kallon yatsunsa, bai koya mini ba, idona ne ya ɗauka. Kekena na farko daga tarkacen da wasu suka zubar na haɗa shi, na ba da shi haya, ya jawo na biyu. Yau in ka ga keke a hanyar Darki ko ta Dagumawa, leƙa bayan sirdinsa, da wuya ka rasa alamata. Na kafa sikelin gyaɗa ba tare da wani ubangida ya tsaya mini ba. Na gina gida na rufa shi da kwano lokacin da duk unguwarmu azara ce da ƙasa, ana cewa zafi zai dafa ni a ciki. Na aurar da ƙannena mata. Ban taɓa durƙusawa a ƙofar wani don abin da zan ci ba. Kai shaida ne, ka sha jin wannan daga bakina har ka haddace, wani lokacin kai kake ƙarasa mini kana dariya.

To, sai bana na gano akwai abu guda da nake ci shekara da shekaru, kuma ba da sunana nake cinsa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Amma kafin nan, ga labarin gida. Matarka, uwar Talatu, tana lafiya, ta fita takaba, ta rame amma tana tsaye da ƙafarta. Talatu ta yi tsawo, ta kusa kamo uwarta, kuma tafiyarka take yi, da wannan ɗan karkacewar kafaɗa. Ƙaramar, Ladi, har yanzu in ta ji ƙararrawar keke sai ta fito zaure da gudu, shi ya sa in na shiga lungunku ba na bugawa. Katangarku ta yamma da damina ta ci, an tayar da ita. Abokanmu suna nan. Tanko mahauci bakinsa bai ragu ba, Malam Inuwa kuma har yanzu yana makarantar elementare yana fama da 'ya'yan mutane. A kasuwa yanzu ba abin da ake yi sai maganar mulkin kai, kowace Juma'a sai wani ya hau bayan mota ya yi ta faɗin abin da zai yi mana. Da kana nan da ka tambaye shi ko ya iya sa tana a ƙugiya.

Ka tuna yadda muka san juna? Ka ɗauki kekena haya don kai kifi kasuwa, ka dawo mini da shi yana ƙarni tun daga hannu har taya, ƙudaje na biye da shi. Na ce maka ni da ba masunci keke har abada. Ka tsaya kana murmushi, ka ce wai keken ne ya yi sa'a, tunda aka ƙera shi bai taɓa ɗaukar abin kirki ba sai ranar. Washegari ka aiko mini da tarwaɗa mai kaurin dantse. Na cinye ta. Juma'ar da ta zagayo na ware keke guda na ce wannan kai kaɗai za ka riƙa hawa, ya yi ta ƙarninsa. Bazarar shekarar ka gayyace ni buɗe tafki, kuma tun daga nan ban taɓa fashi ba.

Kai ka san tsarin tun kana goye, amma bari in faɗe shi don ka ga inda idona bai kai ba. Da damina kogi yana cika ya malala cikin tafkin bayan Darki, ya bar kifi a ciki. Sarkin Ruwa ya hana kowa taɓawa har sai zafi ya yi zafi, ruwa ya ja da baya. Ranar buɗewa ya tsaya a gaɓa ya kira guraben kamun kifi ɗaya bayan ɗaya, da ka, kowane da sunan mai shi. Mai gurbi ya amsa, ya kife a kan goransa, ya shiga da homa, ragar nan ta hannu. Daga ranar har ruwan sama ya sauka wannan gefen nasa ne, shi kaɗai ke kafa ƙugiya a wurin. Naka shi ne na gindin baure, inda saiwoyi suka nutse, inda ya fi ko'ina zurfi. Ni kuwa duk wannan kiran sunayen ban ɗauke shi a bakin komai ba, na zaci adon biki ne na masunta. Abin da yake kai ni shi ne inuwa.

Buɗe tafkin bara yana idona kamar jiya. Mun taso da sassafe mu uku. Tanko ya ɗauro gurasa da ƙullin yaji da ɗan balangu, wai don kada yunwa ta kashe shi a garin masu cin kifi. Malam Inuwa ya rataya butar shayinsa, ni na ɗauko tabarma da goro. Da hantsi kana cikin ruwa, mu muna gindin baure muna kallonka, ka nutsa homa ka ɗago, ka cusa abin da ka samu a bakin gora. Kafin azahar taro ya watse, mata suka tafi da ƙwarya a ka, ruwan da aka dama ya fara kwanciya. Wannan shi ne lokacinmu. Ka fito jiki duk laka, ka wanke, Malam Inuwa ya ja mu salla. Sannan ka yanko mana sandunan fatsa, ka bi mu ɗaya ɗaya kana sa mana tana. Tanko, mutumin da yake wuni da hannu cikin tumbi da hanji, shi ne wai yake ƙyamar tana.

Da aka hura wuta ya fara halinsa. Ya ce kifi ba nama ba ne, abin da ba a kayar an yanka ba ai ciyawar ruwa ce. Ka ce masa kifi Allah ne Ya yanka shi da kansa tun a ruwa, don kada mahauci ya sa masa hannu ya ɓata shi. Duk shekara haka kuke yi, kalma ba ta canjawa, kuma duk shekara sai mun yi dariya kamar ba mu taɓa ji ba. Shi ne kuma ya cinye ƙarfasa mafi girma har ƙaya ta maƙale masa, kana tura masa busasshiyar gurasa yana zare ido. Malam Inuwa ya yi gyangyaɗi da sanda a hannu, kifi ya fizga, ya farka yana salati. A tsallake akwai wani zalɓe da ya wuni tsaye cikin bado, ka ce ya fi mu duka haƙuri kuma ya fi mu kamu. Iska tana tasowa daga kan ruwa da ɗan sanyinta. Na kwanta rigingine, tsuntsaye suna jefo mini 'ya'yan baure, ban tuna da sikeli ba, ban tuna da kekunan da ba su dawo ba. Ban taɓa gaya maka ba, Garba, a duk shekara wannan ranar kaɗai nake barcin rana. Ko ranar salla ba na yi.

Akwai kuma abin da ni da kai ba mu taɓa furtawa ba. Ban iya ruwa ba. Ba rashin iyawa kaɗai ba, tsoronsa nake ji, in ya wuce gwiwata sai ƙirjina ya ɗaure. Ka gane tun shekarar farko, lokacin da ka yafito ni in shigo, na tsaya a gaɓa ina naɗe wando ina warwarewa. Ka kalle ni sau ɗaya, ka juya ka ce wa jama'a a ƙyale ni, ɗan boko ne, ruwa yana wanke karatu, kuma dole a sami mai tsaron riguna da hura wuta. Aka yi dariya, magana ta wuce. Kowace shekara kai kake riga kowa faɗin haka, kafin wani ya buɗe baki ya ce in shigo. Har Tanko mai bakin nan bai taɓa ganewa ba. Na san ka sani, kai ma ka san na san ka sani. Me ya hana ni in ce na gode? Kalmar ce take yi mini nauyi, ban saba da ita ba. To ga ta nan, a takardar da ba mai karantawa. Na gode. Kada ka saba, sau ɗaya ce.

Damina ta ɗauke ka da zazzaɓin 'yan kwanaki. Na ɗauki makararka, na zuba ƙasa da hannuna, na koma rumfata na ci gaba da aiki, don ban san wani abin da ake yi ba. Sai da zafi ya dawo Tanko ya zo ya zauna a kan benci, bai yi wasa ba, ya gaya mini abin da ya jiyo a kasuwa. Gurbin baure zai fita daga gidanka. Ba ka bar ɗa namiji ba, ba ka da wa ko ƙane a raye. In an kira ba a amsa ba, gurbi ya koma hannun Sarkin Ruwa, kuma wani mutumin Dagumawa mai samari a gida ya riga ya kai goro. Ban ga laifin mutumin ba, shi ma bakunan da yake ciyarwa yake dubawa.

Na hau keke na tafi gidanka a Darki. Na tsaya a zaure na gaya wa uwar Talatu, tana daga bayan ƙofa, cewa kada ta damu, hatsinsu da suturarsu a wuyana suke. Ta yi godiya yadda ya kamata. Sannan ta ce ita ba ta saba cin abin da ba ta yi wa aiki ba. Da kifin gurbin nan take yin banda, Talatu ta kai kasuwa, da shi suke kaiwa kaka. In ya tafi, sun zama gidan da ake aika wa kwano. Da a ce wani ne ya mayar mini da alheri haka da na ji haushi. Amma wa ya fi ni sanin wannan maganar? Ni da na zaɓi dako a kan roƙo, ni zan mayar da iyalinka masu jiran hannuna? Na ce mata ta ba ni lokaci.

Daga nan sai gidan Sarkin Ruwa. Tsohon yana nan, idonsa ya yi hazo amma kansa garau. Na gaishe shi, na faɗi sunana. Bai san ni ba. Na ce mai kekuna, mai sikelin gyaɗa, mai gidan kwano a Sabon Gari. Ya girgiza kai. Sai wani da ke zaune kusa da shi ya ce masa ai baƙon Garba ne, mai tsaron riguna. Nan take fuskarsa ta saki, ya yi mini sannu da zuwa, ya yi mini gaisuwar rashinka kamar ɗan'uwa. Ka ji fa. Duk abin da na tara a duniya, a bakin ruwan nan sunana mai tsaron riguna. Inuwar da nake kwanciya a ciki da kifin da nake ci, ashe duk da sunanka ne. Ni da nake cewa ban taɓa cin arziƙin kowa ba.

Ya ce akwai hanya guda. Wanda ya daɗe yana cin kifin gurbi da yawun mai shi yana iya riƙe wa iyalinsa. Amma sai ya amsa kira da bakinsa, ya shiga da kansa a kan gora, da homa, ya fito da kifi daga gindin bauren ya sa masa a hannu. Ba aike, ba ɗan haya. Na tambaye shi ko zan iya hura robar cikin tayar mota in shiga da ita, tunda ta fi gora ɗaukar mutum. Ya ce tafkin bai san mota ba.

A hanyar dawowa na tsaya a gindin wata tsamiya na daɗe. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in bar maganar, in ce al'adar masunta ce, ni ba ɗan gado ba. Wa zai zarge ni? Amma kai da ka rufa mini asiri duk shekarun nan, in bari a kira sunanka a yi shiru? Na juya keke na koma Darki na ce Talatu ta miƙo mini goranka da homarka.

Goran tun damina yake rataye a ɗaki, ya bushe ƙayau. Na kai shi wani wuri mara zurfi a kogi, ƙasa da gari, na kife a kai. Kafin in ankara sai na ji yana nauyi a ƙarƙashina, yana shan ruwa. Na dira tsaye, ruwa a kwankwasona. Ashe ya tsage, siririyar tsaga da ido ba ya gani. Na san masunta suna da nasu abin liƙi, amma ban tambayi kowa ba, ka san ni. Na kawo shi rumfata na yi masa abin da na iya. Na toshe bakin da tsumma da yumɓu, na danna shi cikin rabin durom ɗin da nake gwada taya, na zuba ido ina jiran kumfa. Ta fito daga gefen ciki, 'yan ƙanana a jere. Na bar shi ya bushe, na goge wurin, na shafa sholisho, na yanko jan faci na manna. Goranka na gado, Garba, da facin keke a cikinsa. Ka yafe mini, amma bai sake shan ko ɗigo ba.

Daga nan kullum da sassafe ina kogi. Gora ya sha suɓucewa daga ƙirjina ya bar ni ina lalube. Ruwan da na sha ya ishi jaki. Ba wanda ya koya mini. Sai dai in na rufe ido ina ganinka, yadda ba ka ɗora ƙirji a tsakiya, cikinka kake ɗorawa, bakin goran yana ƙarƙashin haɓarka, ƙafafu suna buɗewa suna haɗewa a hankali. Ashe duk shekarun da nake tsaron riguna idona yana ɗauka, kamar yadda ya ɗauki gyaran keke. Mata masu wanki suka gan ni, labari ya isa kasuwa kafin in bushe. Tanko ya zo ya tsaya a gaɓa yana kallona ina fama, a nan ya gane komai. Da na fito ya ce lallai Garba ya iya riƙe amana. Can kuma ya ce in faɗa masa tun yanzu wane keke zai gada in na nutse.

Ranar buɗewa ta zo makon jiya. Zafi kamar a tanda, jama'a maƙil har kan tudu. Sarkin Ruwa ya fara kira, ana amsawa ana shiga. Da ya iso kanka ya ce, "Gurbin baure, na Garba." Na hango mutumin Dagumawa da samarinsa sun gyara tsayuwa. Na amsa, da ƙarfin da ya wuce buƙata. Da na ɗaga goran aka ga jan faci sai dariya ta tashi. Wani ya tambaya ko na taho da famfo, wani ya ce in buga ƙararrawa don kifi ya kauce. Na tuɓe rigata, na miƙa wa Malam Inuwa, na ce yau shi ne mai tsaro.

Lokacin da ƙafata ta bar ƙasa ban san yadda zan kwatanta maka ba, kai da ba ka taɓa sanin wannan tsoron ba. Ruwan saman ɗumi, na ƙasa sanyi kamar randa, kuma baƙi ƙirin a gindin bauren. Ga abin da ban lissafa ba: homa biyu ce, kowane hannu da tasa, ba sauran hannun da zai riƙe gora. Na nutsa na ɗago, laka da ganyen bado. Na sake, haka. Goran ya karkata, na sha ruwa, na ji hayaniyar mutane ta yi nisa. Gaɓa tana nan kusa, da na juya da na kai. Na ce da kaina, Haruna, in ka fita hannu wofi gara ka sayar da kekunan ka bar garin. Sai na tuna ba a fili kake nema ba. Kana cusa homa ƙarƙashin saiwa, ka sa ƙafa ka doki saiwar. Na matsa har ganye yana taɓa kaina, na cusa, na doka. Wani abu ya bugi ragar har kafaɗata ta amsa. Tarwaɗa ce. Wajen tura ta cikin gora ƙayarta ta tsaga mini tafin hannu, ban ma ji ba sai da na fito.

Na hau gaɓa, na sa kifin a hannun tsohon. Ya auna shi a tafinsa, ya shafa goran, yatsansa ya tsaya a kan facin, ya yi murmushi. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Gurbin baure na Garba ne, baƙonsa ya riƙe."

Don haka ka kwantar da hankalinka, gurbinka yana gidanka. Mutumin Dagumawa ya zo ya ba ni hannu, ya ce Allah Ya sa albarka, mutumin kirki ne. Tun daga ranar nake zuwa da sassafe in duba ƙugiyoyi kafin in buɗe rumfa. Hayaƙin banda ya sake tashi a bayan ɗakin uwar Talatu. Ranar Juma'a na hango Talatu a layin masu kifi da farantinta a gaba, na wuce ban tsaya ba, don kada ta ji nauyina.

Da taro ya watse muka zauna mu uku. Malam Inuwa ya ɗaure mini hannu da ƙyalle, ya ja mu salla, ya ɗora shayi. Ni na yanko sandunan. Tanko ya ɗauki tana da yatsunsa ya sa a ƙugiya, yana yamutsa fuska. Saiwar nan da kake jingina da ita ba wanda ya zauna a wurin. Zalɓe yana tsallake, ko na bara ne ko ɗansa, ban sani ba. Muka kama 'yan ƙarfasa, muka gasa, muka barbaɗa yaji. Tanko ya ce kifi ba nama ba ne. Ya sake faɗa, yana kallon wajen saiwar. Sai na ba shi amsarka, kalma da kalma. Muka yi dariya har Malam Inuwa ya cire hula yana goge ido, kuma ba dariyar kaɗai yake gogewa ba. Bayan nan na kwanta, iska tana kaɗawa, hannuna yana zogi, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba. A inuwar da na shiga ruwa dominta.

Amma ka ji abin da tsohon ya ce? Baƙonsa. Bayan la'asar na same shi yana shirin tafiya, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da suna, Haruna ne. Ya ce ya sani yanzu, kuma na cancanta. Sai dai gurbi ɗaya suna ɗaya ne. In ina so, baɗi zai kira Haruna, amma daga ranar Garba ya fita daga bakinsa, kuma bayan 'yan shekaru ba mai tuna shi a bakin ruwa. In kuma na fi so, a bar shi yadda yake. Ya ce in zaɓa.

Na ce ban zaɓi ko ɗaya ba. Na ce ya kira gurbin baure, na Garba da Haruna. Ya ce tun kakanninsa ba a taɓa yin haka ba. Na ce gora mai facin keke ma bai taɓa shiga tafkin nan ba, ga shi ya shiga ya fito da kifi. Ya yi dariya har yana tari, ya ce in tafi, Allah Ya kai mu baɗi. Bai ce eh ba, bai kuma ce a'a ba.

Za ka ce girman kai ne, ko? Shi ne, ka san ni, ban canja ba. Ba zan taka sunanka in hau ba, wannan ko a mafarki. Amma kuma ba zan sha rabin tafki, in zubar da jinina a gindin bauren nan, sannan a ci gaba da ce mini baƙo ba. Baƙo shi ne wanda yake zama a inuwa ana kawo masa. Na yi wannan, ya wuce. Duk mako zan je in gaishe da tsohon nan, in zauna, in sake faɗa masa, har ya gaji da ganina. Ya san taurin kan ruwa, bai san nawa ba tukuna. Kowace bazara zan amsa kira in shiga, muddin ƙafata tana motsi, har Allah Ya ba Talatu ko Ladi ɗan da zai karɓi goranka daga hannuna. Ranar zan mayar musu da abinsu, da facinsa.

Fitila ba ta kai ga kunnawa ba, amma ga masu dawo da kekuna sun fara taruwa a ƙofa, sai in dakata nan. Allah Ya jiƙanka, Garba, Ya gafarta maka, Ya haɗa mu a inuwar da ta fi ta baure sanyi. In an yi mini wannan alfarma, kada ka ce wa kowa a can ni mai tsaron riguna ne.

Ni ne amininka, wanda ya shiga da ƙafarsa,
Haruna mai kekuna, na Sabon Gari.
A kira wannan suna a bakin tafki, a bayan naka, a gaban kowa.